Kafen asuba a hanyar Tasawa

Ƙarfe biyar da 'yan mintoci nake tashi, tun ladan bai yi kiran farko ba, in zuba gawayi tafi biyu a ɗan murhun waya, in cusa busasshen karan hatsi a ƙarƙashi in ƙyasta ashana. Daga nan sai in ɗora butar ruwa in tafi alwala. Kafin mu idar da sallar asuba ruwa ya tafasa. Wannan tsari bai zo mini a rana ɗaya ba, sai da muka taka daga Maradi zuwa Tasawa da ƙafa, ni da abokina, kwana biyar cikin hunturun watan Disamba, kimanin kilomita 120 ta Cadawa da Agye da Gazawa, kowa da jakarsa a baya.

Mu a Maradi shayi muka tashi muka tarar. Kowace fada da butarta, ana dafa na ɗaya da na biyu da na uku, hira tana tafiya. Kafe kuwa, wanda wasu ke ce wa gahawa, yawancinmu mun san shi ne a teburin mai shayi, Nescafé da madarar gwangwani da burodi. Ni na saba da na gari, wanda ake soya ƙwayarsa a niƙa, tun wani zama da na yi a Abijan, kuma na ƙudura cewa ba zan rabu da shi ba don ina kan hanya. Shayi uku yana cin fiye da awa guda. Matafiyi a ƙasa ba shi da wannan lokacin, domin sa'o'in sanyi daga fitowar rana zuwa ƙarfe goma sha ɗaya su ne jarinsa. Bayan haka, ko cikin hunturu, rana tana dukan ƙeya.

Safiyar farko, a wani ƙauye kafin Cadawa, hannuna ya yi abin da ya saba. Na zuba garin kafe cikin ruwan sanyi, na bar shi yana tafasa a kan wuta kamar ganyen shayi, har ina ɗaga buta ina mayarwa. Abin da ya fito baƙi ƙirin ne, da ɗacin maɗaci, ƙamshin kuma duk ya bi iska. Sukari bai gyara shi ba. Mun sha don sanyi, amma raina ya ɓaci ƙwarai, saboda na san garin mai kyau ne. Ganyen shayin da muke sha yana jure doguwar dahuwa, haka ma muke son sa. Kafe ba ya so. Ruwan da ya dace da shi yana tsakanin digiri 90 da 96, wato ruwan da ya tafasa aka sauke ya ɗan huce, ba wanda ke ɓararraka a kan garwashi ba.

Washegari na canza. In ruwa ya tafasa sai in sauke buta a kan rairayi, in ƙirga talatin a hankali, in zuba gari, in juya sau ɗaya da tsinke, in rufe. Minti huɗu. Sai in yayyafa ruwan sanyi kamar cokali biyu a sama, in bar shi minti guda garin ya kwanta, sannan in tsiyaya a hankali ta cikin wani ƙyalle da na yanko daga sabon matacin koko. Ƙyallen nan bai kai nauyin akwatin ashana ba, kuma ya yi mini aikin da tukunyar kafe ta ƙarfe za ta yi. Ina wanke shi in ɗaure a bayan jaka, kafin mu yi kilomita ɗaya iskar hunturu ta busar da shi.

Awo ma tun a gida na gama shi. Giram 30 ga rabin lita na ruwa, wanda ya ishi mutum biyu, kowace safiya da ƙullinta a leda, duka cikin gwangwani mai murfi don ƙura. A turmi na daka ƙwayar, na bar ta da tsaki-tsaki. In ta yi laushi kamar garin tuwo, ba ta kwanciya, ta bi ta ƙyalle ta cika baki da laka. Nau'in robusta ne irin na Kodebuwa, wanda sinadarin da ke wartsake mutum ya kusan ninka na arabika a cikinsa, don haka kofi ɗaya ya wadatar. Na kan fasa ƙwayar kimba ɗaya in jefa. Mutanen Senegal da kimba suke yin kafensu na Tuba, kuma a sanyin asuba tana ɗumama ƙirji fiye da citta a ganina.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce a gadon baya, ba wanda zai ɗauko ruwan kwana biyar daga Maradi. Muna ɗiba a rijiya ko famfon ƙauye tun da yamma. In ruwan ya yi gurɓi, sai ya kwana a gora ya kwanta, da asuba in tsiyaye na sama, in bar shi ya tafasa sosai minti guda cur kafin in sauke. A wani gari bayan Agye ruwan yana da ɗanɗanon kanwa, kafen ya fito lami, ba armashi. Tun daga ranar nake kurɓar ruwa tukuna, in na ji kanwa sai in tambayi matan da ke bakin rijiya inda suke ɗibar na sha. Ba su taɓa ɓatar da ni ba.

Wuta kuma ba abin wasa ba ce a wannan lokaci. An gama girbi, kara da harawa suna jibge ko'ina, ciyawa ta bushe ƙayau, iska tana kaɗawa daga gabas. Tartsatsi ɗaya zai iya cinye abincin dabbobin gida guda. Ina tona ɗan rami a fili mai rairayi, nesa da rumbu da danga, in sa murhun ciki, in kare shi da jakunkunanmu. In mun gama sai in kashe garwashin da ruwan wankin buta, in binne, in dafa da tafin hannu in tabbatar ya yi sanyi.

Ƙulli bakwai na ɗauko don safiya biyar, ina ganin na yi tanadi. Ban lissafa da mutane ba. Duk inda muka sauka sai mun gaida mai gari an ba mu zaure ko gefen masallaci, kuma wanda ya ba ka wurin kwana ba za ka sha abu a gabansa ka bar shi yana kallo ba. A safiya ta huɗu, kusa da Gazawa, wani dattijo ya fito daga masallaci ya tsaya a kanmu ƙarƙashin gawo, yana lulluɓe da bargo.

"Samari, wane irin shayi ne wannan mai ƙamshin gyaɗar da aka soya?"

"Kafe ne, Baba. Bismilla."

Ya zauna, ya kurɓa, ya yi shiru. Ya ce in ƙara masa sukari. Kafin ya shanye, mutum uku sun zo, sai na kwance ƙulli na biyu na ƙara gawayi, muka koma zubawa a ƙananan kofunan shayi don ya zagaya. Ya aika jikansa cikin gida, yaron ya dawo da ƙwaryar fura da ƙuli-ƙuli cike da leda. Ranar ba mu ɗaga ba sai takwas saura, rana ta same mu a hanya, muka yada zango da wuri.

Safiyar ƙarshe ƙulli ɗaya ya rage, sukari kuma ya ƙare. Muka sha shi haka da dabino, muka ɗaure jaka muka nufi Tasawa. Tafiyar da muke shirin yi bana, ta Tsibiri zuwa Gidan Rumji, na riga na daka ƙulli biyu ga kowace safiya, na kuma sayi kofunan shayi shida a babbar kasuwa.