Saƙon Godiya Bayan Farfaɗo da Kayan Sautin Marigayi Mahaifinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina rubuta wannan saƙo a madadin kaina da 'yan uwana domin miƙa godiya ga duk waɗanda suka taimaka mana, wasu da iliminsu, wasu da ƙarfinsu, wasu kuma da haƙurinsu, wajen farfaɗo da kayan sautin da marigayi mahaifinmu ya bari, Allah Ya jiƙansa Ya kyautata makwancinsa. Kayan sun haɗa da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai rediyo a jikinta, ƙirar Japan ta shekarun 1970, da garmaho, da rakodar kaset, da lasifika biyu masu akwatin katako, sai tarin faya-fayai da kaset-kaset waɗanda suka yi shekaru masu yawa a kulle cikin kabad babu wanda ya taɓa su. A ƙarshen makon da ya gabata aka kammala haɗa su, kuma da ikon Allah kowane ɗaya daga cikinsu yana aiki. Alhamdu lillahi.

Bayan godiya ga Allah, ina farawa da babbar yayarmu da sauran 'yan uwana, waɗanda suka amince kada a rarraba kayan, kowa ya ɗauki guda ya ajiye don tunawa. Da an yi haka, da garmaho yana wani gida, lasifika suna wani gida, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai ƙara fitar da sauti, domin kaya ne da aka haɗa su su yi aiki tare. Yaya, ke kika fara kawo wannan shawara, kuma ke kika tsaya a kanta lokacin da wasu ke ganin gyaran ba zai yiwu ba. Allah Ya saka miki da alheri.

Kaso mafi girma na wannan godiya na dattijon mai gyaran rediyo ne, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda ba ya son a riƙa yayata shi. Abu na farko da ya gaya mana, tun kafin ya ga kayan da idonsa, shi ne kada kowa ya kuskura ya jona amfilifayar da wuta don ya ga ko tana tashi. Ya ce na'urar da ta daɗe a ajiye kamar majinyaci ce da ya daɗe a kwance, ba a miƙar da shi tsaye lokaci guda. Daga baya ya yi mana bayanin dalili dalla-dalla: a cikin irin wannan amfilifaya akwai kafasitoci, wato kayan da ke adana wuta, masu ɗauke da wani ruwan sinadari, kuma ruwan yana bushewa ko ya lalace idan shekaru suka tura, musamman idan na'urar ba ta shan wuta. Idan cikakken ƙarfin lantarki ya faɗa wa kafasitar da ta mutu, tana iya haɗe wuta ta ƙona taransifoma ko manyan taransistocin da ke tura sauti zuwa lasifika, alhali da yawa daga cikin waɗannan an daina ƙera su, kuma jabunsu sun yi yawa.

Kafin komai sai da ya juya bayan amfilifayar ya duba maɓallin zaɓen ƙarfin wuta, domin kayan wancan zamani da aka yi don sayarwa a ƙasashe daban-daban sukan zo da zaɓi tsakanin bolt 110, 120, 220 da 240, kuma idan maɓallin yana kan 110 aka jona da 220, an gama da na'urar cikin ƙiftawar ido. Ya kuma tabbatar cewa fis ɗin da ke ciki daidai yake da abin da aka rubuta a jikinta. Bayan ya auna abin da zai auna da mitarsa, sai ya ba ta wuta ta cikin ƙwan lantarki irin na da mai zare a ciki, wanda ya jera a kan hanyar wutar kafin ta isa amfilifayar. Dabarar mai sauƙi ce, amma ban taɓa ganin abin da ya burge ni kamarta ba: idan na'urar lafiya take, ƙwan yakan yi haske na ɗan lokaci yayin da manyan kafasitoci ke cika, sannan ya dusashe, idan kuwa akwai inda wuta ta haɗe, ƙwan zai ci gaba da haske sosai, ya shanye ƙarfin wutar, ya kare na'urar daga ƙonewa. Namu ya ƙi dusashewa, kuma da wannan ne aka gano cewa ɗaya daga cikin manyan kafasitoci biyu na sashen wuta ta lalace.

Abin da ya fi sa nake girmama wannan bawan Allah shi ne yadda ya kame hannunsa. Akwai wanda ya ba mu shawarar a kwashe kayan cikin amfilifayar gaba ɗaya, a dasa sabon allon zamani, a bar akwatin kawai don kyan gani, kuma babu shakka hakan ya fi sauri. Dattijon ya ce idan haka muke so, mu kai wa wani, domin shi abin da ya mutu kaɗai zai canza. Ya bi kafasitocin ɗaya bayan ɗaya yana aunawa, ya sauya waɗanda suka gaza da sababbi masu daidai ƙimarsu, ya sake narka dalmar da ta tsattsage a wuraren da zafi ya fi dukan allon, ya wanke maɓallan ƙara murya da na zaɓen tasha da maganin fesawa na musamman har ƙarar ƙaraf-ƙaraf da suke yi ta ɓace. Daga nan ya daidaita wutar da manyan taransistoci ke ja idan babu sauti, ya kuma auna ragowar wutar da ke fita ta bakin lasifika, wadda ya ce ya kamata ta tsaya ƙasa da milibolt 50 ko kusa da haka, in ba haka ba tana iya dafa wayar da ke cikin lasifika a hankali. Duk abin da ya cire ya zuba mana a leda tare da takardar da ya rubuta kowane ɗaya da wurin da ya fito, saboda wanda zai buɗe na'urar nan gaba ya san abin da aka yi. Ya kuma ja mana kunne cewa manyan kafasitoci suna riƙe wuta ko bayan an zare filogi, don haka kada wani a cikinmu ya cire murfin ya sa hannu. Baba, mun gode, Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya albarkaci yaran da kuke koyarwa.

Garmahon kuwa baffanmu ne, ƙanen mahaifinmu, ya ɗauki nauyinsa, kuma sai a wannan aiki na san zurfin saninsa da faifai. Bel ɗin robar da ke juya farantin ya narke ya zama baƙin danƙo ya manne a jikin ƙarfe, giris ɗin da ke cikin ƙafar farantin kuma ya daskare, don haka sai da aka goge komai aka sa sabon mai da sabon bel. Baffa bai yarda da kunnensa kaɗai ba wajen tabbatar da gudun farantin. Ya ɗora wata takarda mai zagayen layuka, ya haska ta da fitilar lantarki, ya nuna mana cewa idan gudun ya yi daidai layukan sukan zama kamar sun tsaya cik. Ya kuma tunatar da mu cewa injin wasu tsofaffin garmaho yana bin bugun wutar gari ne, wadda a wasu ƙasashe take bugawa sau 50 a daƙiƙa, a wasu kuma sau 60, shi ya sa garmahon da aka yi don wata ƙasa kan yi sauri ko nauyi idan aka kai shi wata.

Namu yana da gudu biyu, juyi 33 da sulusi a minti ɗaya na manyan faya-fayai, irin waɗanda kamfanin Columbia ya fito da su a Amurka a 1948, da juyi 45 na ƙanana, waɗanda RCA Victor ya biyo baya da su a 1949. Baffa ya hana a ɗora ko da faifai ɗaya kafin a sauya allura, domin allurar da ta cinye tana karce ramin faifai, kuma abin da ta karce ba ya dawowa. Ya daidaita nauyin da allurar ke sauka da shi a kan abin da masu ƙera ta suka ƙayyade, wanda ga irin tamu yake tsakanin giram 1.5 da giram 2. Mutane da yawa suna zaton rage nauyin shi ne tausaya wa faifai, alhali allurar da ta yi sakayau tana tsalle-tsalle cikin ramin tana dukan gefensa, kuma ɓarnarta ta fi ta wadda aka ɗan ƙara wa nauyi. Shi ne kuma ya nuna mana siririyar wayar nan ta uku da ake ɗaurewa a bayan amfilifaya, wadda idan babu ita gurnani ke cika lasifika, ya kuma bayyana dalilin da ya sa garmaho yake da ƙofarsa ta musamman a amfilifaya. Sautin da ke fitowa daga allura 'yan milibolt ne kawai, sannan tun lokacin yanka faifai ake rage kaurin sauti a ƙara kaifinsa bisa ma'aunin RIAA, wato na ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, wanda aka tsayar a 1954, kuma wannan ƙofa ce ke mayar da shi yadda yake. Baffa, Allah Ya bar mana ku.

Lasifikan ba su ba da wahala sosai ba. Soson da ke zagaye da bakin manyan lasifikan da ke cikin akwatunan ya ruɓe yana zuba da an taɓa shi, kuma wani abokina ne ya kankare tsohon gam ya manna sabon zobe, ya daidaita tsakiya yadda wayar ciki ba za ta goga ba, wani kafinta kuma ya gyara kusurwar akwatin da ta dare. Abokin nawa ya tabbatar duka biyun om 8 ne, wato ma'aunin yadda suke tare wuta, kamar yadda amfilifayar take so, ya kuma kula wajen jona wayoyi ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a kowane ɓangare, domin idan aka juya ɗaya kaurin sautin yakan zube. Shawararsa ce aka raba garmaho da teburin da lasifika ke kai, saboda girgiza kada ta koma cikin allura. Na gode muku duka.

Sai kaset-kaset, waɗanda a gaskiya su ne dalilin da ya sa muka shiga wannan aiki tun farko, domin a cikinsu akwai waɗanda mahaifinmu ya ɗauki muryarsa da ta iyayensa, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Faifai idan ya fashe ana iya neman irinsa, amma waɗannan idan rakoda ta cinye su shi ke nan. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, zarensa bai kai milimita 4 a faɗi ba, yana kuma tafiya kimanin santimita 4.75 a daƙiƙa, kuma abin da ke jan sa shi ne wani ɗan sandan ƙarfe da 'yar tayar roba da ke matse zaren a jikinsa. Idan tayar ta taurare ko ta yi danƙo, a nan ne rakoda ke tauna zare. Ɗan yayata, wanda shi ne ƙarami a cikin duk waɗanda suka yi wannan aiki, ya nuna natsuwar da ban yi tsammani ba. Bayan dattijon ya sauya bel da tayar, yaron ya goge hed, wato ƙarfen da ke karanta sautin da ke kan zare, da sandan da auduga da sifirit, ya gwada rakodar da kaset marasa muhimmanci har ya gamsu, sannan ya ɓalle 'yan harsunan da ke saman kowane kaset na gida don kada wani ya danna maɓallin ɗauka bisa kuskure ya shafe abin da ke ciki. Waɗanda ɗan ƙyallen da ke danna zare a jikin hed ya faɗi ya manna musu sabo, waɗanda kwansonsu ya lanƙwashe ya kwance su ya mayar da zaren cikin wani kwanso, ya kuma kai kowane ɗaya ƙarshe ya dawo da shi kafin ya kunna, domin zaren da ya daɗe a naɗe yakan manne. Daga nan ya kwafe su duka zuwa kwamfuta ba tare da matse sautin ba, ya ajiye a wurare daban-daban, ya tura wa kowane ɗa da jika. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka fiye da haka.

Wasu daga cikin waɗanda suka zo saurare sun ce sautin kayan zamanin baya ya fi na yanzu nesa ba kusa ba. Ni ban kai can ba. Faifai yana da ƙaraf-ƙaraf ɗinsa, kaset yana da huci, kuma wayar da ke aljihun kowa ta fi su tsabtar sauti. Abin da zan iya shaida shi ne kayan an yi su da ƙarfe da katako da sukurori yadda mai gyara zai iya buɗewa ya gano ciwo ya magance shi bayan kusan shekara 50, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ina godiya ga maiɗakina, wadda ta haƙura da wayoyi da kwalaye da suka mamaye falo tsawon lokacin aikin, ta kuma wanke faya-fayan da tsabtataccen ruwa da ƙyalle mai laushi ta jera su a tsaye, tunda kwantar da su a kan juna yana lanƙwasa su. Ina kuma godiya ga maƙwabcinmu da ya ara mana motarsa, ya kuma taya mu ɗaukar amfilifayar da nauyinta ya fi ƙarfin mutum ɗaya, da duk waɗanda suka yi wa mahaifinmu addu'a da suka ji muryarsa. Wanda ban ambata ba ya yafe mini, Allah Ya san da shi.

Saura aiki ɗaya. A ƙasan kabad ɗin mun tarar da wasu faya-fayai masu nauyi, masu juyi 78, waɗanda suka girmi sauran. Baffa ya ce ba da roba aka yi su ba, da wani irin ƙaro ne mai saurin fashewa wanda sifirit ke narkarwa, kuma raminsu ya fi faɗi, don haka suna buƙatar allura mai kauri da garmaho mai wannan gudu, abin da namu ba shi da shi. Mun naɗe su mun ajiye ba mu kunna ko ɗaya ba. Idan akwai mai irin wannan garmaho da yake aiki, kuma zai yarda mu kawo su a kwafe a gabansa, muna roƙon ya sanar da mu.

Wassalamu alaikum.