Ruwan farin inabi, ɗan tsamin nan shi ne daɗinsa

Mu a Zariya Allah ya yi mana wata baiwa da ba kowa ya san darajarta ba, ga Hunkuyi nan kusa da mu a ƙaramar hukumar Kudan suna noman inabi, in lokacinsa ya yi sai ka gan shi a bakin titi da kasuwar Sabon Gari, amma yawancinmu ci kawai muke mu tofar da 'ya'yan. Ni dai na koma matse ruwansa ina sha, kuma abin da na gane shi ne wanda ya bi zaƙi kaɗai to wallahi rabin daɗin ya wuce shi.

Tun wajen saye aikin yake farawa. Dattijon da nake saye a wurinsa kullum cewa yake, "Hajiya ga wanda ya nuna luguf, zuma ne wannan," ni kuma in ce, "Baba a haɗa min da wanda bai gama nuna ba, mai ɗan kore-koren nan." Dalili kuwa inabi in yana nuna sukarinsa na hawa ne tsaminsa na sauka, to in duk nunanne ka matse sai ruwan ya yi nauyi ya gundure ka tun kafin ka kai rabin kofi. Amma in da ɗan tsami, kurɓar farko za ka ji ta tsinka maka yawu a gefen harshe, sai zaƙin ya biyo baya a hankali, sannan ƙamshi ya taso ta hanci kamar an ɓare lemu a kusa da kai, kana haɗiyewa bakinka ya yi wasai kana neman ƙari.

Wannan ɗanɗanon ne ma Turawa suke nema a farar giyar inabinsu, irin Riesling na Jamus da Sauvignon Blanc na Faransa, duk yabon da suke musu a kan tsami ne da ƙamshi, shi ya sa suke son inabin wuri mai sanyi don ya fi riƙe tsaminsa. Mu giya haramun ce gare mu, babu ruwanmu da ita, amma tsamin da ƙamshin tun daga jikin inabin suke, Allah ne ya halicce shi da su.

Bilenda kam ban yarda da ita ba a nan, tana farfasa 'ya'yan sai ɗaci da bauri su shiga ruwan. Ina cire shi daga reshe in wanke in sa a firji ya yi sanyi, sannan in murtsuke da hannu a roba mai tsabta, in bar shi da ɓawonsa ɗan lokaci kaɗan saboda yawancin ƙamshin a ɓawon yake, sai in juye a farin ƙyalle in matse a hankali, ba da ƙarfin tsiya ba. Da an matse iska na taɓa shi zai fara rikiɗewa ya yi duhu, to ɗan lemun tsami nake ɗigawa nan take in rufe a kwalba, launinsa ya tsaya garau. Wuta kuwa ba na kai shi, tafasawa na kashe ƙamshin.

Sai dai a kula da wannan sosai 'yan uwa, ruwan inabi ba ya jira. Akwai yis a jikin ɓawonsa, in ka bar shi a zafin Zariya na watan Maris ko Afrilu zai fara cin sukarin yana mayar da shi barasa, alamar ita ce kumfa a sama, kwalba ta ɗaure, ka buɗe ta yi tsss, wari ya canza. In ya kai nan zubarwa ake. Akwai hadisin Ibn Abbas a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi ya sha ranar da kashegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai ya sa a shayar ko a zubar. A Amurka ma wani Thomas Welch a 1869 dumama ruwan inabi ya yi don ya hana shi komawa giya. Ni tunda ba na son dumamawa sai nake yin daidai wanda za mu shanye a ranar, in babu wuta in sa kwalbar cikin kula da ƙanƙara.

Ƙanƙarar ma a waje take tsayawa, ba na jefa ta cikin kofi don tana tsinka shi ya zama salam. Sukari kuma ko cokali ba na sawa, in yara sun ce ya yi musu tsami sai in ƙara matse musu nunannen a nasu, nawa in bar shi yadda yake.