Jiki ma yana da ajiyar tarihi

Yau na kai Auta rigakafin ƙyanda na wata 9 a nan Jos, ga sanyin safiya kamar ya tsinke yatsu. Tana tsala ihu wata dattijuwa ta ce, "'Yata, bar ta ta yi, gara wannan."

Gaskiyarta. Raunanniyar ƙwayar cutar ce a allurar. Da ta shiga jiki, sai fararen ƙwayoyin jini da ake kira B su ƙera makamin da ya dace da ita kaɗai, waɗanda ake kira T kuma su kashe ƙwayoyin jikin da ta ɓuya ciki. Wasunsu su zauna shekaru riƙe da kamanninta, ko da ta dawo.

Abin da ya tsorata ni shi ne ƙyandar gaske kan hallaka masu riƙon nan, har jiki ya manta wasu cututtukan da ya taɓa cin galabarsu.