Darasin da na koya a aikin musabaƙa: gwarzo daban, gwani daban

Duk wanda ya taɓa riƙe sakatariyar kwamitin musabaƙar Alƙur'ani a ƙaramar hukuma, a ƙasar Ringim ko Gumel, ya san kuskuren da ya fi ɓata taro ba a lissafin maki yake ba. A takardar shaida yake, wajen kalmar da ake laƙaba wa wanda ya zo na ɗaya.

Wanda ya ci gasa gwarzo ne, mace gwarzuwa, jam'i gwaraza. A musabaƙar ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, gwarzon shekara ake ce wa wanda ya yi fice a kan kowa. Saboda haka wanda ya ci izu 20 ko izu 40, sai a ambaci rukuninsa: gwarzon izu 20. Zakara ma daidai ne, amma ya fi dacewa da bakin mai sanarwa.

Gwani kuwa ba kyauta ba ce da ake ci a yini ɗaya. Matsayi ne na tsangaya. Yaro yakan fara daga kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. Sai ya haddace izu 60, ya rubuta da ka, sannan a kira shi alaramma. Gwaninta tana gaba da haka, bayan shekaru ana zaman darasu, gwanaye na tsefe allonsa wasali-wasali har su da kansu su sallama masa. Sama da gwani sai gangaran.

To a ce yaro ɗan shekara 12 ya ci izu 10, a kira shi Gwani a lasifika, alhali malaminsa mai furfura, wanda bai kai matsayin ba, yana zaune a rumfa. Alarammomi ba za su ce uffan ba. Baɗi dai ba za ka ga almajiransu ba. Abin takaici, yawanci shugaban kwamiti ne ke cewa a sa gwani don ya fi armashi, in magana ta tashi kuma a ce sakatare ne bai san aikinsa ba. Kada a kai takarda wurin bugawa sai shugaban alƙalai ya sa hannu a kan samfurin, a kuma adana kwafin.

A bar gurbin suna da rukuni, a cike da hannu bayan sakamako ya fito. A rubuta shekarar Hijira tare da ta Miladiyya. A buga ƙarin takardu goma, don hannu yakan kuskure.