Abin da suri ya koya mini game da gara da naman gwari

A karatun da na yi kan halittun cikin ƙasa, babu abin da ya sauya mini tunani kamar alaƙar da ke tsakanin gara da naman gwarin da masana ke kira Termitomyces, wani dangin naman kaza, wanda Roger Heim na Faransa ya fayyace a 1942. Mutanenmu sun san gara a matsayin mai cin rumbu da azara, amma manyan nau'o'in da ke gina suri a dazukanmu, irin su Macrotermes bellicosus da aka yi nazarinsa sosai a Mokwa cikin shekarun 1970, ba sa iya narkar da itace da kansu yadda ya kamata. Noma suke yi. Dangin da ke wannan sana'a sun kai nau'i 330, kuma an kiyasta cewa sun fara ta a kurmin Afirka kimanin shekaru miliyan 30 da suka wuce.

Manyan ma'aikata ne ke fita su kwaso busasshiyar ciyawa da itace, ƙananan kuma su haɗiye su tare da wasu fararen ƙwayoyi da naman gwarin ke fitarwa, sannan su kasayar da haɗin tun bai narke ba, su gina wani dunƙule mai ramuka-ramuka da shi. A kan wannan dunƙule naman gwarin ke yaɗuwa, yana ruɓar da sassa masu tauri da cikin gara ba zai iya sarrafawa ba, bayan 'yan makonni kuma garar ta cinye ɓangaren da ya nuna. Ladan da naman gwarin ke samu shi ne danshi da ɗumi na kusan digiri 30, ko ana hunturu ko ana bazara.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne daga dunƙulen da muka ciro daga suri muka ajiye a ɗakin gwaji. Cikin 'yan kwanaki wani naman gwari na daban, Pseudoxylaria, ya rufe shi gaba ɗaya, alhali a cikin suri ba a ganin ko alamarsa. Ashe yana nan tun farko, garar ce ke danne shi da lasa da shara da binne duk inda ya ɓullo. Tun daga nan na daina amincewa da sakamakon da aka samu daga halittar da aka raba da abokiyar zamanta, domin abin da mai bincike ke kallo a kwalba sau da yawa gona ce da manominta ya tafi.

Akwai kuma wani bambanci da ke hana a yi wa gara kuɗin goro. Yawancin nau'o'in sukan samo irin naman gwarin ne daga naman kaza da ke tsirowa da damina, amma a wajen Macrotermes bellicosus namijin shinge, wato gara mai fiffike, shi ne ke ɗauke da irin a cikinsa ranar da ya tashi daga surin iyayensa.