Kafin ka huda jitar nan, ƙanena

Shekaranjiya na ga wani saurayi ya kwance fuskar jitarsa ta lantarki, ƙirar Stratocaster, ya jera ƙananan suwic uku da fikof biyu sababbi, injin huda a hannu. Wai so yake jita ɗaya ta ba shi sauti ashirin. Da na ce ya dakata, sai ya nuna mini bidiyo a waya. Wannan ɓarnar ni ma na yi ta.

Fikof shi ne maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya, an naɗe shi da wayar tagulla wadda ta fi gashi siranta, naɗi dubbai. Mai kwayil ɗaya, irin ukun da ke jikin Stratocaster tun 1954, sautinsa garau ne amma yana kwaso gurnanin wuta. Hambaka kuwa, wadda Gibson ta fara sa wa Les Paul a 1957, kwayil biyu ce da aka haɗa su sabanin juna domin su kashe gurnanin, sautinta kauri gare shi. Kuskurena na farko shi ne na ɗauka kowane fikof zai zauna da kowane. Na sa hambaka a wajen gada, inda tsirkiya ke kafe a jikin jita, na bar fot ɗin boliyom, wato abin murɗawar da ke rage ƙara, mai 250k (ohm dubu 250), sautin ya fito a toshe kamar an lulluɓe sifika da bargo. Hambaka 500k take so, da kafasita mai mikrofarad 0.022 a kan fot ɗin ton, wanda ke rage kaifin sauti. Mai kwayil ɗaya ya fi zama lafiya da 250k da kafasita 0.047. Ba fikof ɗin ne ya lalace ba, amma na cire shi na sayi wani.

Na biyu launin waya. Hambaka mai waya huɗu kowane kamfani da tsarinsa. A Seymour Duncan baƙa ce ke ɗauke da sauti, kore ta tafi at (wato earth, layin ƙasa), ja da fara a haɗe su. A DiMarzio ja ce ke ɗauke da sauti, baƙa da fara ake haɗewa. Na bi zanen wannan na haɗa wancan. Kuma ko ka bi zane daidai, idan fikof biyun ba gida ɗaya suka fito ba, suna iya yin sabani: kowanne shi kaɗai lafiya lau, amma da ka haɗa su a matsayi na biyu na suwic sai sauti ya sirance ya koma ta hanci. Maganinsa musanya wayar sauti da ta at a hambakar, ka bar tsirarar wayar da ke tare da su a at inda take. Wata uku na yi ina zargin amfilifaya.

Zan iya cewa ba laifina ba ne gaba ɗaya. Babu mai koyarwa, babu zane a hannu, mai gyaran rediyo ne kawai abin tambaya, shi kuma bai taɓa buɗe jita ba. Kuma da ban ɓata ba da ban san abin da nake faɗa yanzu ba. Amma wannan ba zai mayar da katakon da na ƙwaƙule ba. Fot ɗin Amurka wuyansa milimita 9.5 ne, ramin yawancin jitocin Asiya 8 ne. Na faɗaɗa da injin huda kai tsaye, fenti ya tsage. Fot mai ja da turawa kuma, wato mai suwic a jikinsa, ya fi na ainihi tsawo, a jita mai siririn jiki yana taɓo ƙasan rami, murfi ya ƙi zama. Nan ma na sassaƙe. Abin da ya fi ci mini rai, fikof ɗin asali ɗaya na kashe shi da kaina: ƙarfen dalma ya taɓa siririyar wayar kwayil ta tsinke a ciki. Mitar auna ohm za ta nuna maka wajen 6k a lafiyayyen mai kwayil ɗaya, wajen 8k a hambaka ta gargajiya. Nawa bai nuna komai ba.

Ƙarfen dalmar ma na yi kuskurensa. Na ɗauka mai wat 25 ya fi aminci. Ashe shi ne mai dafa fot, domin sai ka daɗe kana danna shi a baya kafin dalma ta narke, zafin ya gama shiga ciki. Mai wat 40 zuwa 60 ake so: ka kankare bayan fot ɗin, ka fara ɗora masa dalma, ita ma wayar ka shafa mata, sannan ka haɗa cikin daƙiƙa uku ko huɗu. Dalmar da ta fito dusu-dusu kamar ƙwallo ba ta kama ba.

Na zo da niyyar jera muku shawara goma, amma samarin yanzu ba sa tsayawa ko ta biyu, a ba su zane kawai su kwafa ba tare da sun san me kowace waya take yi ba. To ga abin da ya fi muhimmanci. Kada ka sayi komai sai ka gyara tsayin fikof. Danna tsirkiya a ƙarfen wuya na ƙarshe, ka bar wajen milimita 2.4 tsakaninta da fikof a ɓangaren masu kauri, 2 a ɓangaren sirara. In ya matso da yawa maganaɗisu yana jan tsirkiya, sauti ya riƙa rawa yana mutuwa da wuri. Sukundireba kawai wannan ke buƙata, kuma rabin masu kukan sauti a nan matsalarsu take. Sai gurnani. Mai kiɗa a gidan biki da janareta ya san shi. Ka shimfiɗa tef ɗin tagulla a cikin ramin da wayoyi suke, ka tabbatar da mita cewa kowane yanki ya haɗu da at, ka kuma duba wayar da ke zuwa gada. Tagullar da ba ta haɗu da at ba ado ce.

Ka bar wayoyin jitarka yadda suke. Makaɗan Agadez da ake sauraro har Turai, a yatsu mafi yawan sautinsu yake.

Amma dai, in kana da hambaka mai waya huɗu, raba kwayil, wato kashe ɗaya daga cikin biyun, ya cancanci wahalarsa, wannan kam ka yi shi. Fot mai ja da turawa ɗaya, ba sabon rami: wayoyi biyun nan da aka haɗe su tafi ƙafar tsakiya ta suwic ɗinsa, ƙafar da ke haɗuwa idan ka ja ta tafi at. Mita za ta sauko wajen 4k, ƙarfi ya ragu, gurnani ya dawo; in sautin ya yi rama da yawa, sa rezista 1.5k zuwa 2.2k tsakanin ƙafar da at. Idan kuma sauti yana dushewa da ka rage boliyom, ɗora kafasita 0.001 tare da rezista 150k tsakanin ƙafar shiga da ta tsakiya a fot ɗin boliyom. Gyara ɗaya a lokaci guda, ka buga mako guda kafin na gaba. Ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka cire ko ɗaya, tsofaffin kayan kuma ka zuba su a leda ka adana, kada ka sayar.

Saurayin nan ya ajiye suwic biyu, na ukun ya ce sai ya sa. Na ce aƙalla ya sayi wata fuskar roba ya huda ta, ya bar ta asali.