Talata: tambayar Kawu da agogon Dakta

Kawu ya zo yau. Ai kun san shi, ba ya shiga gida ya fita bai tsokani wani ba, kuma yau ni tsautsayin ya faɗa wa. Dawowata ke nan daga makarantar da nake koyarwar gwaji, usur na rataye a wuya, takalmi duk ƙura, ko jaka ban sauke ba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A'a, ga mai digirin tsalle-tsalle ta dawo. Yau ƙwallo nawa aka ci?"

Inna ta yi irin dariyar nan tata ta ba ruwana. Ni kuwa da ma a cike na shigo, sai dai ba shi ya cika ni ba.

Na gaishe shi, na ce, "Kawu, sunan karatun ilimin koyarwa da motsa jiki."

"To ai shi na faɗa. Tsakaninki da Allah, 'yata, shekara huɗu cur me ake koya muku? Mu da muna yara wa ya koya mana gudu? Kare ya biyo ka sau ɗaya, ka ga ka iya."

Tun ina shekarar farko nake shan wannan tambaya. A da sai in kumbura in shige ɗaki. Yau ban san me ya hau kaina ba, na ajiye jaka, na jawo kujera kusa da shi, na ce ya miƙo hannu.

Na ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ta gefen babban yatsa, na sa Auta ya riƙe waya ya tsayar da ni in daƙiƙa 15 ta cika. Na ƙirga 21. Sau huɗu, 84 ke nan a minti. Na ce masa zuciyar babban mutum in yana zaune tsakanin 60 da 100 take bugawa, don haka yana cikin layi. Amma masu gudun dogon zango tasu kan sauka ƙasa da 60, wasu har arba'in da 'yan kai, saboda zuciya tsoka ce, in ta sha horo bugu ɗaya yakan tura jinin da a da sai ta yi ta gaggawa kafin ta tura. Ya ce to in ya tashi gudu fa, ina ne iyakarta? Na ce akwai wani lissafi na ƙiyasi, a cire shekarun mutum daga 220. Ya ƙi faɗin shekarun. Inna ta jefo daga inda take, "58, kada ya rage miki ko ɗaya." Auta ya ce 162 kafin in buɗe baki. Kawu ya janye hannunsa yana duba wurin da na danna kamar na bar masa tambari.

"Wannan ai likitanci ne," in ji shi.

Na ce ba likitanci ba ne, amma muna leƙa gidansu. Ƙasusuwa 206 na jikin babba sai da na haddace su, da sunayen tsokoki da inda kowace ta kama. In yaro ya yi targaɗe a fili ni ce ta farko a kansa: a hutar da ƙafar, a sa ƙanƙara, a ɗaure, a ɗaga ta sama. In wani ya faɗi ba numfashi, danna ƙirji 30, hura iska 2, har masu ceto su iso. Wannan rabi ɗaya ke nan. Ɗaya rabin kuma a zaure ɗaya muke zama da masu shirin koyar da lissafi da tarihi, ana karanta mana yadda hankalin yaro ke girma, da tsara manhaja, da yadda ake auna ko ɗalibi ya gane. Su takarda kawai suke rubutawa su tafi. Mu sai mun rubuta, sannan mu sauya kaya mu fita fili a sake ba mu maki da gumi.

Da na ga ya fara saurare sai na saki jiki. Na ce ƙwallon kwandon nan da Auta ke hana kansa barci a kai, malamin motsa jiki ne ya ƙirƙiro ta, James Naismith, a Springfield ta Amurka, a watan Disambar 1891. Sanyi ya hana fita, ga aji na samari 18 sun gaji da atisayen cikin ɗaki sun addabi kowa, aka ce ya san yadda zai yi da su. Ya rubuta dokoki 13, ya kafe kwandunan 'ya'yan itace biyu a sama, ya raba su tara-tara. Shekara huɗu bayan nan William Morgan ya fito da ƙwallon raga a Holyoke, can Amurka ɗin dai, don manyan da ba za su jure gwabzawar ta kwando ba. "Irinku ke nan, Kawu." Ya ce in kiyaye shi. Na ƙara masa da cewa tun 1813 Per Henrik Ling ya buɗe cibiyar horar da malaman motsa jiki a Stockholm ta ƙasar Sweden, wato karatun da yake wa dariya ya girmi kakan kakansa.

Gaskiya na ji daɗin kaina. Auta yana ta tafi. Kawu ya ɗaga hannu biyu ya ce ya sallama. Ina cikin wannan tashen na kawo masa maganar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar minti 60 a rana na motsin da zai sa numfashinsa ya hau, kuma binciken da hukumar ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa kaiwa, 'yan mata ma kashi 85.

Sai ya gyara zama, ba wasa a muryarsa wannan karon, ya ce, "Madalla. To yau me kika koya wa yaran?"

Bakina ya mutu. Na ce ƙwallon raga, na tashi wai zan cire takalmi.

Ga abin da ban faɗa masa ba.

Yau Dakta, malamarmu mai duba koyarwar gwaji, ta zo duba ni, karo na farko tun da aka tura mu. Aji biyar, yara 44, ƙwallo biyu, minti 40. Darasin shi ne tarar ƙwallo da damatsa, hannu a haɗe, gwiwa a lanƙwashe. Kwana biyu na yi ina gyara takardar shirin darasin, har da zanen tsayuwa. Na jera su, na kira suna, na sa su zagaye fili don ɗumama jiki. Na fitar da kyaftin biyu na ce kowa ya zaɓi nasa. Sannan na yi bayani, na nuna, na sake nunawa. Kuma wallahi na nuna da kyau, ƙwallon tana tashi daga hannuna tana dawowa kamar da zare na ɗaure ta, yaran har da "kai, Malama!" Daga nan layi biyu, ina jefa wa wannan, mai taimaka min na jefa wa wancan, wanda ya tara ya koma baya. Ba hayaniya, ba wanda ya ji ciwo. Na busa usur ina jin na gama da ita.

Dakta duk tsawon lokacin tana gefe da agogon awon gudu a hannu. Na ɗauka ni take aunawa.

Da yaran suka tafi ta ce, "Malama, zo nan." Ta juyo min da takardarta. Jeri da kiran suna, minti 7. Ɗumama jiki, 4. Zaɓen 'yan wasa, 5. Bayanina da nuni, 9. Sauran 15 layi. A ƙasa ta ja layi biyu ƙarƙashin wani adadi: minti 4 da daƙiƙa 50.

"Wannan fa?" na ce.

"Yarinya ɗaya na bi tun daga farko har ƙarshe. Mai tabarau. Iya abin da ta motsa ke nan a darasinki. Sau nawa ta taɓa ƙwallo?"

Na ce kamar sau huɗu ko biyar.

"Biyu."

Sai da ta faɗa hoton ya dawo min, domin na gani, ban dai duba ba ne. Lokacin zaɓe, ana ta kiran suna ana ragewa, da suka saura su huɗu yarinyar ta durƙusa ta kwance igiyar takalminta ta sake ɗaurewa. Igiyar lafiyarta ƙalau. Ta sake kwance ɗaya ƙafar. Tana nan durƙushe har ya zama ita kaɗai ta rage, ba wanda ya ma kira ta, kyaftin ɗin ya yi mata nuni da haɓa kawai. A layi, da nata ya zo, ƙwallon ta daki ƙashin babban yatsanta ta yi baya ta kan ta, aka yi dariya, ni kuma na ce "na gaba!" Dakta ta ce daga nan duk sanda layin ya matso da ita gaba sai ta ja da baya a hankali ta bar mutum biyu ko uku su wuce. Haka ta yi ta yi har aka tashi.

Na fara kame-kame, ƙwallo biyu ce kawai, yaran sun yi yawa. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, ba tsawa ba komai, "Kin iya wasa. Nan matsalarki take. Tun kina ƙarama ke ake fara zaɓa, ko ba haka ba? Ba ki taɓa tsayawa a ƙarshen layin nan ba, shi ya sa ba kya ganinsa."

Da ta yi min wankin babban bargo da ya fi min sauƙi.

Abin da ya fi ci min rai, duk abin da ta lissafa na sani. Na sani a takarda. Muska Mosston, masanin koyar da motsa jiki, a 1966 ya jera salon koyarwa, daga wanda malami ke yanke komai, yaro sai dai ya bi umarni, har zuwa wanda yaro ke gano hanya da kansa. Na rubuta shafi uku a kai bara, na ci maki mai kyau, yau kuma na tsaya a kan na farkon kamar babu sauran. Bunker da Thorpe, malaman Jami'ar Loughborough a Ingila, a 1982, su suka ce a fara da ƙaramin wasa da aka sassauta dokokinsa, yaro ya ji da kansa me ya sa yake buƙatar dabarar, sannan a koya masa ita. Wannan ma na amsa shi a jarrabawa. Dakta ta ce, "To ina suke yau?" Ta ce ƙwallo biyu ba hujja ba ce. Balan-balan tana saukowa a hankali, ta fi dacewa da mai koyo ma. A ɗaura igiya ƙasa-ƙasa maimakon raga, a raba su uku-uku ko huɗu-huɗu, a yarda ƙwallo ta faɗi sau ɗaya ko a cafe ta kafin a tura. Bayani kada ya wuce minti biyu. Zaɓen kyaftin kuwa ta ce kada ta sake gani, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, kowa ya bi lambarsa, rabin minti an gama.

Ta tambaye ni sunan yarinyar. Sati uku ina shiga ajin. Na san na masu tsalle duka, har da laƙabinsu. Nata ban sani ba.

Shi ya sa lokacin da nake cika wa Kawu baki da minti 60, huɗu da hamsin ɗin nan na zaune a maƙoshina. Kuma da na sake juya maganarsa ta kare, sai na ga bai yi nisa da gaskiya ba kamar yadda na so. Mai gudu zai yi gudunsa ko ina nan ko ba na nan. Kyaftin ɗin nan biyu ba abin da na ƙara musu yau, sai dai damar nuna wa wata haɓa. Na shigo karatun nan ne don ina son fili, ɓangaren koyarwar kuwa na ɗauke shi kamar harajin da ake biya kafin a bar ka ka fita. Lakcar safiyar Litinin nawa na yi barci a cikinta, Allah kaɗai ya sani.

Sauran ranar ba komai. Gwiwar hagu ta sake yin ƙara a matakala. Yaya ta kira, ban ɗauka ba, gobe. Gwajin Juma'a kan yadda tsoka ke samun kuzari, ko buɗe littafin ban yi ba. Dogo ya turo wa 'yan rukuninmu hoton makin da nasa mai dubawar ya ba shi, da alamar wuta har uku. Ban ce komai ba.

Na yaga shirin darasin Alhamis na sake sabo. Rukuni 11, huɗu-huɗu. Auta ya yarda zai hura min balan-balan in na bar masa usur ɗin ranar Asabar, igiyar shanyar Inna kuma na riga na auna ta da ido, ita ba ta sani ba tukuna. Gobe da safe zan fara biyawa wajen malamar ajin in duba rajista.

Har na kashe fitila saƙon Kawu ya shigo. "'Yata, na hau bene na sauko sau biyu na ƙirga. 29 sau huɗu nawa ne, kuma in kira likita ko in kwanta?"

116. Na ce ya zauna minti biyar ya sake ƙirgawa. Ina jira.